An Wanke Hoton Inna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aikin asibiti bai ƙarasa miki ƙafafun nan naki ba. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwaggo na fama da gwiwarta, tana gaishe ki, ta ce man shafawar da kika aiko warinsa ya fi amfaninsa, amma ki ƙaro. Baba yana ci, yana barci, yana faɗa da rediyo. Idon ne dai ya gama rufewa. Da yakan ce yana ganin hasken taga, yanzu ya daina faɗa, ni kuma na daina tambaya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Hukumar birni ta tuna tana da sashen raya fasaha da al'adu, wato mu, da muke zaune a ofishin nan na ƙarƙashin bene muna jiran ranar da fanka za ta juya. Sabon shugaban hukuma ya ce shi mai son fasaha ne, za a gyara zauren wasanni daga rufi har daɓe. Kin san halin da zauren yake ciki. In ana ruwa, 'yan wasan kwaikwayo sukan jera bokitai a kan dandamali su ci gaba da gwaji a tsakaninsu, kujerun kuwa sai ka taɓa da hannu kafin ka ba su amanar jikinka. To yanzu sabon rufi za a yi, da sababbin fitilu, da labule mai igiya. Har an ce ranar buɗewa za a ba Baba lambar yabo saboda hidimar da ya yi wa birni. Da na gaya masa sai ya ce, "Lambar, jiƙawa ake yi a sha?" Amma daga baya na ji shi yana tambayar Gwaggo ko rigarsa ta zuwa taro tana nan.

Abin da ya hana ni murna shi ne bango. Ana ta maganar gyaran bango, ba wanda ya ambaci zanen Baba. Ke kin ga lokacin da yake zana shi, ni tasowa na yi na same shi: tashar mota da sassafe, mutane cike da bango guda, da Inna can gefen dama ta waiwayo, baki a ɗan buɗe, mayafinta shuɗi, ga akwatin lantarkin nan da aka kafa mata a kafaɗa, wanda Baba bai yafe ba har yau. Ina rarrafe ta rasu, kuma kin sha gaya mini ba ta taɓa yarda ta tsaya gaban kyamara ba. In ban da bangon nan, ban san fuskar uwata ba. Tun da na fara aiki a ƙarƙashinta nake cin abincin rana.

Na yi wa Darakta magana, shugaban sashenmu. Ya ce, "Kada ka damu, za a duba." Na daɗe a ofishin nan, na san inda "za a duba" take kwana. Shi ya sa na ce bari in gaya miki, ko hankalina zai ɗan kwanta.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikassalam. Takardarka ta iso bayan ta gama zaga duniya, ambulan ɗin kamar an dafa shi. Lafiyata ƙalau, ƙafafuna ma suna nan daram, na gode da baƙar fata. Aiki ne dai ba sauƙi, an rage mana ma'aikata, hutun da nake sa rai bana ba zai samu ba. Ka gaishe da Gwaggo. Ka riƙa ɗiga wa Baba maganin ko da ya ce ba ya yi masa komai. Ba zai dawo da gani ba, amma yana rage zafi.

Maganar bangon nan ta tsaya mini a rai. Kai ka san hoton, ni na san ranar. Inna ta kai wa Baba abinci zauren, ina riƙe da gefen zaninta, ta same shi a kan tsani, ga kwanon jiya bai ko buɗe ba. Ta juya za ta tafi, ta waiwayo tana zazzaga masa faɗa, shi kuwa ya ɗauki buroshi ya ce, "Ci gaba, kada ki rufe bakin." Bakin nan da kake gani a buɗe ba murmushi ba ne, cewa take, "Ka kashe kanka da yunwa mu huta." Da ta ga kanta a bango ta yi fushi, ta ce ya tona mata asiri a gaban gari. Amma duk baƙon da ya sauka gidanmu sai ta ja shi ya je ya gani.

Auta, fuskar Inna ta fara ɓace mini. Muryarta tana kunnena har yanzu, amma in na rufe ido bangon nake gani, ba ita ba. Abin yana ba ni tsoro.

Saboda haka kada ka zauna jiran "za a duba". Na san ba ka da ikon hana su taɓa bango, kai ƙaramin ma'aikaci ne, ni kuma ina nan uwa duniya. Amma ofishinku na da mai hoto. Ka sa ya ɗauki bangon gaba ɗaya, sannan ya matsa kusa ya ɗauki Inna ita kaɗai, a wanke babba, mai launi, ɗaya naka ɗaya nawa. In ya so su yi abin da za su yi. Kuma ka buɗe baki ka yi magana a ji ka, ba irin maganar nan taka ta cikin riga ba.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Gwaggo da sauƙi. Baba ya yarda da maganin, bisa sharaɗin in daina cewa ke kika ce. Kwanan nan ya rage faɗa da rediyo, ya fi zama shiru a ƙofar ɗaki.

Na yi abin da kika sa ni, kuma ki janye maganar cikin riga. Mai hoton ofishinmu, wanda muke kira Tsaya-haka saboda ita ce kalmarsa, ba ya danna kyamara sai da umarnin Darakta, domin fim ɗin na hukuma ne, a durowar Darakta yake kwana. Sai na jira ranar da aka zo duba zauren kafin aiki ya kankama. Kowa ya zo: Darakta, ɗan kwangila da shugaban masu fentinsa, Tsaya-haka da kyamara a wuya, da mu 'yan riƙe fayil a baya. Aka zaga, aka nuna rufi da yatsa, aka girgiza kai. Masu cire kwano sun riga sun hau sama suna bugu, mutum ba ya jin na kusa da shi, Darakta kuma sai duba agogo yake saboda ana jiransa a wani taro.

Da muka zo daidai bangon na tattaro ƙarfin halina na sha gabansa. Na ce, "Yallaɓai, alfarma nake roƙo. Hoton nan, a ɗauka a wanke mana kafin aiki ya yi nisa."

Ya ce, "Me?"

Na ɗaga murya na ce, "Hoton, yallaɓai. A wanke."

Ya dubi bangon, ya juya ga mutanen da ke bayansa ya ce, "Kun ji ko? A wanke hoton nan kafin a fara komai. A wanke shi da kyau." Duk suka ce to. Ban taɓa roƙon abu a ofishin nan na samu a tsaye ba sai ranar.

Washegari aka kewaye zauren da kwano, aka sa mai gadi, ba mai shiga sai ma'aikata. 'Yan wasan kwaikwayo sun koma gwaji a garejin hukuma, tsakanin motar shara da wata motar kashe gobara da ta mutu tun ina makaranta. Ni kuma aka tura ni unguwa-unguwa rabon katin gayyata da neman makaɗa da mawaƙan da za su yi wasa ranar buɗewa. Kowannensu tambayarsa ɗaya, za a turo mota ko da ƙafa za su ɗauko kayan kiɗan. Ina ce musu za a duba. Kin ga ni ma na iya.

Jiya na bi ta ƙofar zauren, na tambayi mai gadi ko ya ga an zo an yi aikin hoton. Ya ce, "Ai tuni. An wanke shi tas, Darakta ma ya aiko a tabbatar." Yaya, a kan titi na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe. Tsaya-haka ya bi shugaban hukuma rangadi, yana dawowa zan karɓo in aiko miki naki. Na gaya wa Baba, ya ce in duba da kyau ko shuɗin ya fito, domin da hannunsa ya haɗa shi, babu irinsa a gwangwani.

Ƙanenki,
Auta

*

Autan Inna,

Wa alaikassalam. Lafiya lau nake, yau ma har da ƙari. Ka gaishe da Baba da Gwaggo. Na janye maganar cikin riga, ashe akwai baki a wurin.

A tsaye na karanta takardarka a bakin ɗakin magani, wata majinyaciya ta ce, "Malama, albishir aka yi miki?" Na ce mata ƙwarai. Ina tashi aiki na wuce kasuwa na sayi firam, baƙin katako mai gilashi. Mai shagon ya tambayi girman hoton, na ce ban sani ba, ya ba ni babba. Na cire kalandar da ke gaban gadona na bar masa ƙusar. Abokiyar zamana, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce ba ta taɓa ganin an rataye firam kafin hoto ba. Na ce ta bari Inna ta iso, za ta ji faɗa.

Ka sa shi tsakanin kwali biyu, ka rubuta a bayan ambulan kada a lanƙwasa, da manyan baƙi, domin mutanen gidan waya ba su san hoton uwar kowa ba. Naka kuma ka nuna wa Gwaggo, ita za ta faɗa maka ko an kamo ta daidai.

Yayarka

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, ko da yake ban san abin da zan yi fata ba. Shirunka ya yi yawa. Mai kawo wasiƙu ya fara kauce mini, tun daga nesa yake girgiza kai.

Na koma na sake karanta takardarka ta ƙarshe, sai yanzu idona ya tsaya a kan layin da murna ta sa na tsallake. Ka ce Baba ya rage faɗa da rediyo, ya fi zama shiru. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi musu da mai karanta labarai? Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda ake jera wa dangi magana a hankali kafin a faɗa musu. Kullum ni nake yi wa wasu. Kada ka yi mini haka. In yana kwance ne ka ce yana kwance. In abin ya wuce nan, ka faɗa mini, ba yarinya ba ce ni.

Bar maganar hoto, zai iya jira. Baba nake tambaya. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikassalam. Baba lafiyarsa ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Batirin rediyon ne ya yi sanyi, na sayo sabo, faɗa ya dawo. Gwaggo ma lafiya. Takardunki biyu suna gabana, ta firam da ta bayanta. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, ki yi haƙuri.

Babu hoto, Yaya. Babu na takarda, babu na bango.

Da Tsaya-haka ya dawo na same shi a ɗakinsa na ce na zo karɓa. Ya ce karɓar me? Na ce hoton bango da Darakta ya ce a wanke. Ya dube ni ya ce, "Da ni ake? Yaya zan wanke abin da ban ɗauka ba? Ba a ba ni fim ba ranar. Ni na ɗauka da masu fenti yake." Ban tsaya jin sauran ba. Na isa zauren, mai gadi ya ga fuskata ya matsa mini.

Fari ne. Daga wannan kusurwa har waccan, fari fat, sumul. Babu tasha, babu mota, babu kowa. Akwatin lantarkin ne kawai a wurinsa, shi ma sun shafe shi da fari. Na tsaya inda na saba zama in ci abinci, na rasa inda zan sa idona.

Shugaban masu fenti ya zo ya gaishe ni da fara'a, shi a ganinsa aikin kirki ya yi. Ya ce an ce a wanke da kyau, sun wanke da kyau, da soda da buroshin waya, kafin su yi shafe. Ya ce, "Hoton nan ya ba mu wuya, malam. Fentin da ne, mai kyau. Musamman wani shuɗi can gefe, sai da muka yi ta koma masa." Masu shagunan tsallaken titi sun ce sun ga ruwa kala-kala yana bin kwata, suna mamakin daga ina. Na ce masa matar nan uwata ce. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Da wa zan yi faɗa? An ba shi umarni, ya cika.

Na je wa Darakta. Ya dafe kai ya yi salati, kuma na ga abin ya taɓa shi da gaske. Ya ce shi ya ɗauka dattin hoton nake so a wanke, a goge ƙura ya fito. Kin ji, mu huɗu a tsaye wuri ɗaya, kalma ɗaya, kowa da abin da ya ji. Ya ce me ya sa ban yi bayani ba. Kafin in amsa waya ta yi ƙara, ya ɗauka, ya yi mini alama da hannu in jira. Na jira. Da ya gama ya ce za a kafa kwamiti.

Na bi tsofaffin 'yan wasa gida-gida ko wani na da hoton da bangon ya fito a baya. Akwai da yawa. Motar ta fito, mai sayar da jarida ya fito, har karen nan na ƙasa. Gefen Inna kuwa kullum ko kan wani ya tare, ko duhu ya cinye.

Baba bai sani ba. Kullum na shigo sai ya ce, "Shuɗin ya fito?" Ina ce masa mai hoto bai ba ni ba tukuna, wanda ba ƙarya ba ne. Ranar buɗewa ta matso, kuma a gaban bangon nan za a tsayar da shi a ba shi lamba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikassalam. Na gode Allah da Baba yake lafiya. Ni ma ina nan.

Na rubuta maka wata takarda kafin wannan na yaga, domin ba ka cancanci abin da ke cikinta ba. Ni na ce a wanke. Kalmata ce ka ɗauka ka kai musu. Ina ta juya ta a baki tun ranar, kalmar da nake faɗa kullum a wurin aiki, a wanke ciwo, a wanke hannu, ban taɓa jin tsoronta ba.

Akwai wani mai zanen fuska a bakin gidan waya nan, yana zana mutane da gawayi. Na zauna a kujerarsa na ce uwata nake so ya zana, zan faɗa masa yadda take. Ya ce to, fuskar doguwa ce ko zagayayya? Na ce ban tuna ba. Ya ce hancin fa? Na ce tana da faɗa. Ya yi dariya, ya ga ba dariya nake ba, ya ajiye gawayin. Na tashi na tafi.

Game da Baba, kada ka gaya masa kafin taron, bar shi ya sa rigarsa ya karɓi abinsa. Ko kuwa ka gaya masa, domin aikinsa ne kuma matarsa ce, ba mu da hurumin ɓoye masa. Ban sani ba, Auta. Na saba ba ka umarni tun kana goye a bayana, yau ba ni da shi. Kai ne a kusa.

Firam ɗin yana nan a rataye. Na kasa saukewa.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu lafiya lau, Gwaggo na gaishe ki. Takardarki ta iso bayan an gama taron, kuma ko da ta iso kafin nan, na ga ke ma ba ki da amsa. Ban gaya wa Baba ba. Ban iya ba.

Ranar taron da safe na kai shi zauren, kafin jama'a su cika. Zauren ya yi kyau, Yaya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Rufi ba ɗigo, kujeru masu laushi, 'yan wasa suna ta jan igiyar labule suna murna kamar an ba su gida. Ba zan ce ba a yi musu alheri ba.

Muna shiga ƙofa Baba ya tsaya cak, ya ja numfashi ta hanci. Ya ce, "Soda." Ya sake ja ya ce, "Da farin fenti." Ya ce, "Kai ni wurinta."

Na kai shi. Ya ɗora tafin hannu a bangon yana shafawa a hankali, daga inda motar take har gefen dama. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Wanda ya yi shafen nan ya iya aiki." Na fara ba shi labarin yadda aka yi, ya ce in bari.

Can sai hannunsa ya faɗa wani wuri mai kaushi. Ni ma sai lokacin na lura. Ashe da safen nan mai gyaran wuta ya cire tsohon akwatin lantarkin, tun da an ja sabuwar waya ta wani gefe. Inda akwatin ya rufe, buroshinsu bai kai ba. Wuri ne kamar faɗin tafin hannu biyu.

Baba ya ce, "Mene ne nan?"

Na ce, "An cire akwatin, Baba."

"Wane launi kake gani?"

"Shuɗi."

"Akwai yatsu?"

Na duba na ce akwai, biyu, sun riƙe bakin mayafi. Ban taɓa sanin Inna na riƙe da mayafinta ba. Baba ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Shekara da shekaru ina roƙo a cire mata akwatin nan. Ga shi sun cire."

Muna nan Darakta ya shigo duba wuri. Ya gaishe da Baba har ƙasa, sannan ya ga wurin. Daidai bayan kujerar shugaban hukuma yake, ga ramukan ƙusa, ga guntun waya a waje. Na roƙe shi a bari. Ya ce, "Ni da kai mun san mene ne. Duk wanda ya shigo tabo zai gani, kuma ni za a tambaya." Na ce to a jira Tsaya-haka ya ɗauka. Ya ce yana cikin ayarin shugaba, tare za su iso, kuma dole fentin ya sha iska kafin nan. Ya kira shugaban masu fenti, ya fita.

Mutumin ya zo da gwangwani da buroshi, ya gan mu, ya ajiye su, ya juya mana baya yana kallon rufi. Na gane lokaci yake ba ni. Na ciro mabuɗin ofis na fara kankara. Baba ya ji ƙarar ya ce, "Ba haka ba, za ka farfasa. Kwantar da shi, ka bi ta ƙasa." Na kwantar. Yatsun sun ruguje, ban samu ko ɗaya ba. Shuɗin ne ya taso, ɓawo biyu kamar farce. Na ce in ba shi ɗaya, ya ce, "Ku riƙe. Ni na haɗa shi, na san shi."

Aka shafe. Aka yi taro. Shugaban hukuma ya ce muddin yana kan kujera ba za a bar aikin masu fasaha ya ɓace ba. Aka yi tafi, Baba ma ya tafa. Aka ba shi lambar, Tsaya-haka ya ce, "Tsaya haka," ya tsaya. Wannan hoton kam an wanke shi da wuri, babba, mai launi, ga shi na sa miki tsakanin kwali biyu. Tun ranar Baba bai sake tambayata ko shuɗin ya fito ba. Abincin rana kuma a ofis nake ci yanzu.

Akwai ƙaramar takarda a naɗe a cikin ambulan ɗin. Ki rufe taga kafin ki buɗe ta. Naki ne, nawa yana cikin kwalin ashana.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikassalam. Ina lafiya. Ka gaishe da Gwaggo. Ka ce wa Baba na ga hotonsa, rigar ta yi masa kyau, ya rame kaɗan, ya riƙa ci. Na sa shi a cikin akwatina, domin in na dube shi bayansa nake kallo.

Na rufe taga kamar yadda ka ce, na kashe fanka. Ɓawon bai iso a ɓawo ba, hatimin gidan waya ya sauka daidai kansa, ya zama gari. Na buɗe ina riƙe da numfashi. Garin ya kama takardar, ya bar mata shuɗi a tsakiya, kamar an dangwala yatsa. Ka gaya wa Baba ya fito. Babu irinsa a gwangwani.

Na miƙar da takardar na sa ta a firam ɗin, ta yi masa ƙanƙanta ƙwarai, na mayar a ƙusarsa. Abokiyar zamana ta dawo daga aiki, ta tsaya a gabansa ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Innarmu ce. Ki gaishe ta."

Yayarka